Yadda Ake Tsara Ramin Yashi da Tsakuwa, Tun Daga Gwajin Fili Har Zuwa Faɗaɗa Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya daga Kano da sassafe ya san tifofin nan da ke hawowa daga wajen Tamburawa, ruwa na ɗiga daga gindin bodinsu. Haka abin yake a Wudil, haka a bakin Kogin Kaduna. Muddin ana buga bulo ana zuba kankaren bene, yashi da tsakuwa ba za su yi kwantai ba. Wannan ne ke ruɗin mutane. Sai mutum ya ga fili da yashi a kwance, ya ce ai Allah ne ya zuba, nawa kwasa ne kawai. Ya yi hayar katafila, ya tara 'yan lodi, kafin damina biyu ya bar wa mutanen ƙauye kududdufi, shi kuma ya tafi da bashi.

Ramin yashi rumbu ne. Abin da ka ɗiba ba ya tsirowa kamar gero. Don haka tun ranar da za ka kafa diga ta farko ya kamata ka san yawan abin da ke ciki, da tsawon lokacin da zai kai ka, da inda za ka nufa idan ya ƙare, da yadda za ka bar wurin. Ga yadda nake ganin ya dace a bi aikin.

Mataki na farko: fara da mai saye

Yashi kaya ne mai nauyi, mai araha. Mafi yawan kuɗin da magini ke biya na dizal ne da taya da wahalar hanya. Fili mai kyakkyawan yashi a nesa da gari yakan sha kashi a hannun fili mai matsakaicin yashi a bakin kwalta. Kafin ka yi maganar fili da kowa, je ka zauna a tashar tifofi, ka zaga gidajen bulo, ka yi hira da magina. Tambaye su daga ina suke ɗaukowa, sawu nawa direba ke yi a rana, wane wata ne kaya ke yankewa, da wane irin yashi suke dawo da shi. Mai filasta yana son mai laushi, mai bulo da kankare yana son mai kaushi, ɗan kwangilar titi da mai ciko burji suke nema. Filin da ke da iri biyu ko uku ya fi mai iri ɗaya kwanciyar hankali.

Mataki na biyu: haƙa ramukan gwaji, ka yi lissafi

A nan ne ake cin riba ko a faɗi, kuma a nan mutanenmu suka fi yin gaggawa. Na taɓa amincewa da ramuka biyu kacal da aka haƙa ta gefen rafi, duka suka nuna yashi fes. Da aka ci rabin filin sai muka faɗa kan laka, ɗaya rabin duk haka yake. Tun daga ranar ban ƙara yarda da gwajin gefe ɗaya ba.

Raba filin da turaku, tazarar mita 50 tsakanin kowane biyu. Hekta ɗaya, wato mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, za ta ɗauki ramuka tara. A haƙa kowanne har inda yashi ya ƙare ko ruwa ya ɓullo. Idan ramin ya wuce ƙirjin mutum kada kowa ya shiga sai an kwantar da gefensa. Hayar katafila ta yini ɗaya don wannan aikin ba asara ba ce. A kowane rami rubuta abu uku a littafi: kaurin ƙasar sama da za a yaye, kaurin yashin ko tsakuwar, da zurfin da ruwa yake. Yi gwajin a ƙarshen damina, wajen Satumba ko Oktoba, lokacin da ruwan ƙasa ya taso iyakar tasowarsa. Abin da ka gani a Afrilu zai yaudare ka.

Ɗebi samfur daga kowane rami, daga sama da tsakiya da ƙasa, kada ka gauraya su. Murza ɗanyen yashin a tafin hannu. In ya bar maka jirwaye mai danƙo, akwai laka. Sannan ka yi gwajin kwalba: zuba yashi rabin farar kwalba, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ka ajiye awa uku. Yashin zai kwanta a ƙasa, lakar ta zauna a kansa kamar maɗi. Auna da rula. Idan yashin santimita 10 ne, masu aikin kankare ba sa son lakar ta wuce milimita 8. Don raba yashi da tsakuwa kuwa, ragar da idonta ya kai kusan milimita 5 ita ce iyaka: abin da ya wuce yashi ne, abin da ya tsaya tsakuwa. In manyan 'yan kwangila kake hari, kai samfurin ɗakin gwaji na sashen injiniyan gine-gine a jami'a ko kwalejin fasaha, ka karɓi takarda. Za ta yi maka magana a inda bakinka ba zai isa ba.

Yanzu lissafi. Mu ɗauka hekta ɗaya ce, kaurin yashin mita 3. Murabba'in mita 10,000 sau 3, kubik 30,000 ke nan (kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska). Amma ba duka za ka sayar ba. Cire gefen da za ka bari tsakaninka da maƙwabta, da abin da gangara za ta cinye, da jijiyoyin laka. Ka ce kashi 30 cikin 100 ya tafi, saura 21,000. Auna bodin tifa da tef, tsawo sau faɗi sau zurfi. In tana cin kubik 10, kana da lodi 2,100. Lodi 10 a rana, kwana 210. Hektar da kake wa kallon arzikin shekaru ba za ta kai shekara guda ba. Yi wannan lissafin kafin ka biya ko sisi, domin shi zai gaya maka ko gyaran hanyar da za ka yi zai fitar da kansa. Ka kuma dubi ƙasar sama: yaye mita ɗaya don samun mita uku ciniki ne, yaye mita biyu don samun ɗaya wahalar banza ce.

Mataki na uku: mai fili daban, mai ma'adini daban

Da yawa suna zaton da zarar sun biya mai gona sun gaisa da dagaci shi ke nan. A Nijeriya ba haka doka take ba. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta haɗa har da yashi da tsakuwa da burji idan sayarwa za a yi. Saman ƙasar kuwa yana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ke nan ƙofa biyu za ka buga.

Ƙofar farko ta mai fili ce. Bincika ko gonar gado ce; in ta gado ce, a zauna da duk magada, har matan, kada ka dogara da babban wa shi kaɗai. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da dagaci da shaidu: iyakar filin, iyakar zurfin, shekarun, yadda za a biya (dunƙule ko a kan kowace tifa), da halin da za a mayar masa da gonarsa. Wannan layin na ƙarshe shi ake mantawa, shi ne kuma ke kai mutane kotu.

Ƙofa ta biyu ita ce ofishin Kadasta na ma'adinai da ke Abuja, wanda ke bayar da lasisin haƙar kayan gini. Lasisin na shekara biyar ne, ana sabunta shi, filinsa kuma ba ya wuce murabba'in kilomita biyar. Za su nemi lambobin kusurwoyin filin, don haka sai ka ɗauki safiyo, wato mai awon fili, za su kuma nemi takardar amincewar mai fili. Sa a duba maka tun da wuri ko wani ya riga ka rajistar wurin. Dokar Ma'adinai ta hana haƙa a cikin gari ko ƙauye ko kasuwa ko maƙabarta, da filin madatsar ruwa ko titin gwamnati, da duk inda bai kai mita 50 daga layin dogo ko bututun mai ba. Ta kuma wajabta yarjejeniyar raya al'umma tsakaninka da mutanen wurin kafin fara aiki, ana sake duba ta duk shekara biyar. Akwai binciken tasirin aiki a kan muhalli bisa dokar 1992, akwai ƙa'idojin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, akwai kuma kason gwamnati a kan abin da ka haƙo. Je ofishin ma'aikatar ma'adinai ta tarayya da ke jiharka ka karɓi farashin da ke aiki yanzu, domin yana sauyawa. Duk abin da ka biya, na tarayya ko jiha ko ƙaramar hukuma, karɓi rasit.

Shawarata a nan: nemi lasisin ya rufe har filin da kake sa ran faɗaɗawa, ko da shekara uku za a yi ba ka taɓa shi ba.

Mataki na huɗu: zana ramin a takarda

Ɗauki taswirar safiyo ka raba filin gida-gida, misali gida huɗu, ka sa musu lamba. Gida na ɗaya kawai za a buɗe. Ni na fi son a fara daga can ƙurya ana cin filin ana dawowa bakin hanya, don kada tifofi su riƙa ratsa wurin da aka riga aka gyara. Bar aƙalla mita 10 da ba a taɓa ba tsakaninka da gonar maƙwabci, ka ƙara tazarar idan akwai gida ko rijiya ko turken lantarki. Ja layin da turaku masu fenti, domin direban katafila ba ya ganin iyaka in ba a nuna masa ba.

Ƙasar sama, wadda ke da taki da saiwoyi, a yaye ta a tara ta daban a gefe, kada a haɗa ta da jar ƙasar da ke ƙarƙashinta, kada kuma a sayar da ita a matsayin ciko komai tayin da aka yi. Ita ce ran gonar. Jar ƙasar kuma a yi tudu da ita a kewaye, ta tare ruwan gangare, ta kuma hana yara da dabbobi faɗawa.

Sai maganar da ke cin rayuka. Busasshen yashi ba ya tsayuwa a gangarar da ta wuce digiri 30 zuwa 35. Bangon da ka ga ya miƙe sak danshi ne ke riƙe da shi, rana na busar da shi ko tifa ta girgiza ƙasa sai ya rufto. Kubik ɗaya na yashi ya haura tan ɗaya da rabi. Wanda yashi ya danne ba ya samun damar ihu. Don haka duk mita ɗaya ta zurfi, a ja baya mita ɗaya da rabi ko fiye. Inda ake aikin shebur, fuskar ramin kada ta fi tsayin mutum, a yi ta hawa-hawa kamar matakala. A hana ƙwaƙule gindin bango don sama ta zubo da kanta, dabarar da 'yan lodi ke so saboda tana rage wahala. Kada a tara kaya ko a faka tifa a leɓen rami, kada kowa ya fake wa rana a inuwar bangon. Wanda ya karya wannan ka sallame shi ranar, ko ɗan'uwanka ne. Zurfi kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya sama da inda ka ga ruwa a gwajin ƙarshen damina.

Hanya ta zama mai faɗin da tifa biyu za su wuce juna, a zuba mata burji, a sa kwalbati inda ruwa ke ratsawa. In da hali ka kauce wa tsakiyar ƙauye ko da zagayen zai ƙara kilomita ɗaya.

Idan yashin kogi ne

Mutane kan ce kogi yana mayar da abin da aka ɗiba duk damina. Yana mayarwa, amma ba kamar da ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yashin da ke gangarowa daga sama yana kwanciya a bayan madatsun. In aka kwashe fiye da abin da ke zuwa, gadon kogin sai ya zurfafa, gaɓa ta riƙa zaftarewa da gonakin mutane, rijiyoyin fadama su ja ƙasa, ruwa ya fara cin gindin gada. Ɗebi daga tudun yashin da ke tsakiya a lokacin rani, ka nisanci gaɓa da gada da wurin da ake jan ruwan sha. Kafa alama a ƙarshen rani, ka dawo bayan damina ka ga nawa ya dawo. Iyakar abin da za ka ɗiba a shekara ke nan. A manyan koguna irin Kwara da Binuwai, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja ma tana da ta cewa.

Mataki na biyar: kayan aiki da kuɗi

Kada ka sayi katafila a shekarar farko. Yi haya ta yaye gida na ɗaya ta tara maka kaya, sauran aikin 'yan shebur su yi, ko ka yi hayar injin lodi a watannin da kasuwa ta buɗe. Fitar da kuɗin da kowace tifa ke ci: lodi, kason mai fili, haraji, mai gadi, da rabon kuɗin yaye ƙasa, takardu da hanya a kan lodi 2,100 ɗin nan. A kowace tifa kuma ware wani abu ka zuba a asusun gyaran rami, kada ka taɓa shi.

Ƙofa ɗaya, littafi ɗaya, rasit mai lamba. Mai ƙirga tifa daban, mai karɓar kuɗi daban. Duk ƙarshen wata a auna ramin a gwada da littafin. In rami ya ce lodi 300 littafi ya ce 240, ana lodin dare. Bashi kuwa, ɗan kwangilar da ke jiran gwamnati ta biya shi zai iya durƙusar da kai ba da mugun nufi ba, don haka sa masa iyaka.

Mataki na shida: damina da ƙura

Daga Yuli zuwa Satumba hanya kan gagara, farashi kuma ya hau. Tun Afrilu da Mayu ka tara kaya a kan tudu kusa da kwalta. Da rani kuma matsalar ƙura ce. Ƙurar yashi tana lalata huhu a hankali, ba ta kuma warkewa, don haka a yayyafa wa hanya ruwa, masu tankaɗe su sa takunkumi, a rufe kaya da tamfol. A hana gudu a cikin ƙauye, a tsayar da zirga-zirga lokacin tashin makaranta. Ba wa dagaci lambar wayarka, ka ce ranka ya daɗe, duk abin da ya taso a kira ni kafin a kira kowa. Ɗauki 'yan lodi daga samarin garin, amma ban da yara.

Mataki na bakwai: faɗaɗawa

Lokacin fara shiri shi ne sa'ad da abin da ya rage zai kai ka wata shida zuwa shekara, domin takardu da sulhu suna cin lokaci. Kafin nan duba littafinka na cikakkiyar shekara, rani da damina. Shin ana dawo da tifofi babu kaya, ko kuwa kaya ne ke jiran tifa? Kwangila ɗaya ce ta ɗaga cinikin, wadda za ta ƙare da ƙarewar titin? In haka ne, hayar ƙarin inji ta wadatar.

Hanyoyin faɗaɗawa uku ne, ba kuma daidai suke ba. Ƙara zurfi shi ya fi jan hankali saboda ba a biyan sabon fili, shi ne kuma mafi muni: ka shiga ruwa, gangara ta cinye faɗin, ka haifar da tafkin da ba za ka iya cikewa ba. Kanawa sun san kududdufan da aka gada daga haƙar ƙasar gini, sun san abin da suke yi wa yara da damina.

Ƙara fili shi ne na biyu. Sabon fili sabon gwaji, ko da katanga ɗaya ce tsakani, domin jijiyar yashi tana bin tsohuwar hanyar ruwa ne, ba ta bin iyakar gona. Maƙwabcin da ya shekara yana ƙirga tifofinka ba zai sayar maka a farashin da ba, shi ya sa ake ƙulla alkawari da shi tun farko, a rubuce, yana ci gaba da nomansa har ranar da za a zo kansa. In filin ya fita daga lasisinka, koma Kadasta kafin shebur ya taɓa shi. Ka kuma tambayi kanka ko hanya da kwalbatin da suka ɗauki tifa 10 a rana za su ɗauki 25.

Na uku, wanda na fi so, shi ne ƙara wa kayan daraja. Kafa raga biyu ko uku a karkace, kayan da kake sayarwa a gauraye a matsayin ciko su rabu zuwa yashin filasta, yashin bulo da tsakuwa, kowanne da kuɗinsa. Yashin da ya faɗi gwajin kwalba ana iya wanke shi, da sharaɗin ka haƙa tafkuna biyu a jere inda laka za ta kwanta, ruwan ya dawo aiki maimakon ya bi rafi ya toshe wa masu lambu. In akwai ruwa da kasuwa kusa, injin bulo a bakin ramin yana rage maka jigilar yashi gaba ɗaya. Ta wannan hanyar hekta ɗaya tana ba da kuɗin da ya fi na da ba tare da ka ci gonar kowa ba.

Kowace ka zaɓa, kada a buɗe gida na uku sai an rufe na ɗaya. Yayin da katafila ke yaye sabon gida, ƙasar da ta kwaso ta zuba ta kai tsaye a tsohon, tafiya ɗaya aiki biyu. A kwantar da gefuna, mita uku ga kowace mita ɗaya ta zurfi, yadda saniya za ta sauka ta hau. A fara da jar ƙasa, a shimfiɗa ƙasar saman da aka adana a kanta, a buɗe wa ruwa mafita. Shekarar farko a watsa taki a shuka wake ko gyaɗa, a dasa darbejiya ko bagaruwa a gefe don riƙe ƙasa. Idan mai fili da mutanen gari sun fi son a bar wani ɓangare tafki don shayar da dabbobi ko kiwon kifi, a rubuta hakan, a kwantar da bakinsa, a kewaye shi. Sannan a kira mai fili da dagaci da shaidun nan na farko, a zaga gidan da ƙafa, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu cewa an karɓa. Kwafi ɗaya na mai fili, ɗaya ka haɗa da takardun da za ka kai ranar sabunta lasisi.